KUNAMA A CIKIN WANDO

 Na san da yawanku in kuka ga sunana a bangon littafi labarin soyayya kuke sa ran karantawa, to yau kam sai dai ku yi min afuwa don ba shi na zo da shi ba. Wata magana ce ta tsaya min a maƙogwaro tun watan azumin da ya wuce, na haɗiye ta ƙi wucewa, shi ne na ce bari dai in faɗe ta kowa ya ji, wanda zai ji haushina ya ji, ai dama mai faɗar gaskiya ba ya rasa maƙiya.

Ina da wata ƙawa tun muna sakandare, ba zan faɗi sunanta ba don ba tonon asiri na zo yi ba. Aure ne ya sake haɗa mu unguwa ɗaya a nan Rijiyar Zaki, gida huɗu ne tsakanina da ita. Mijinta mutumin kirki ne wallahi, ban taɓa jin ta kawo ƙararsa a kan ci ko sha ko sutura ba. Sana'arsa sayen hatsi a kasuwannin ƙauye, ya loda a mota ya kai Dawanau, don haka kullum yana kan hanya kuma da kuɗi a jikinsa. Ranar da abin ya faru ya dawo gab da magariba a gajiye, ya tuɓe kaya a gurguje ya watsa su kan gado ya shige wanka don kada a sha ruwa bai kintsa ba. Ita kuwa tana tsakar gida tana suyar ƙosai, jaririyarta na kwance kan tabarma a gefe. Sai kawai ta ji muryar ɗanta ɗan shekara uku daga bakin ƙofar ɗaki yana cewa, "Umma, tau! tau!" Ta waiwaya. Yaro ne tsaye ya rungumi ƙaramar bindiga da hannu biyu saboda nauyi, bakinta na kallon tabarmar nan.

Ta ce da ni, "Wallahi Yaya, ban san lokacin da ƙafafuna suka daina ɗaukata ba. Na so in yi ihu, Allah ya kama bakina." Ƙosai mai zafi ta ɗauka ta miƙa masa tana murmushin dole tana lallashi, zo ka ba Umma wannan in ba ka wannan, har Allah ya sa ya saki. Da maigidan ya fito ya tarar da ita zaune a ƙasa da abin a cinyarta, man suya na ta ƙonewa. Ashe shekara biyu ke nan yana yawo da ita a cikin wando, a wani ɗan kube na fata da ake maƙalawa ta ciki a ƙugu, in ya dawo ya kulle a akwati ko ya bari a mota. Ran nan gajiya da yunwar azumi suka sa ya manta. Shekara biyu, matar da suke kwana ɗaki ɗaya ba ta sani ba!

Kin san abin da ya ce da ita? Cewa ya yi, "Haba, ki kwantar da hankalinki, ai don ku na saya." To wannan kalmar ta don ku na saya ita ce ta hana ni barci, kuma da ita nake faɗa a wannan ɗan rubutu.

Bari in fara da yi wa mutumin adalci, kada a ce marubuciya ta zauna a inuwa tana zagin na rana. Tsoro gaskiya ne. Titin Gwarzon nan da ya ratsa ta gabanmu, in kin miƙe shi kika wuce Janguza kika wuce Gwarzo, ƙasar Katsina zai kai ki, kuma kowa ya san abin da mutanen can suka gani a hannun 'yan bindiga. Mu Kanawa mun daɗe muna jin labari daga nesa muna cewa Allah ya kyauta, sai ga shi a ƙarshen 2025 an shiga ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, an kashe an kuma ɗebi mutane, har da mata. A cikin gari ga masu ƙwacen waya da wuƙa, ga faɗan daba. Su kansu shugabanni sun taɓa ɗaga hannu: a 2021 Aminu Bello Masari yana gwamnan Katsina ya fito ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu, a watan Yuni na 2022 kuma Bello Matawalle yana gwamnan Zamfara ya ce a ba mutanen jiharsa lasin riƙe bindiga, har manyan sojoji suka fito suka ce ba su yarda ba. To mutumin da yake bin hanyar ƙauye da kuɗin mutane a aljihu, in ya ji irin wannan daga bakin gwamna, ba sai an tambaye shi dalili ba. Na fahimce shi. Amma fahimta daban, yarda daban.

Ni fa a gidan da akwai bindiga na tashi. Lokacin da nake yarinya Rijiyar Zaki ba haka take ba, bayan gidanmu gonaki ne na gero da dawa da gyaɗa har iya ganinki, da rani ana kawo taki a kan jakuna ana jibgewa tsibi-tsibi. Kakana yana da adaka, doguwa ce ta fi ni tsawo, a rataye take can sama a bangon turakarsa. Kowa a gidan ya san da ita, mai unguwa ya sani, maƙwabta sun sani, mu yara kuwa an ja mana kunne tun muna rarrafe. Kafin a harba ta sai an ɗura albarushi an danna an shirya, kafin nan ko zuciya ce ta ɗebi mutum ta sauka. Wannan bindiga ba ta taɓa bin kakana masallaci ba, ba ta taɓa bin sa gidan suna ba, ba ta taɓa hawa gadon kakata ba. Ita kuwa ta yanzu da ake cusawa cikin wando an ƙera ta ne musamman don kada a gani, kuma kullum a shirye take, yatsa ɗaya kawai take jira. Wanda ake ɓoye wa fa ba ɓarawo ne kaɗai ba. Har da ke, har da uwarsa, har da wanda ya haɗa kafaɗa da shi a sahun salla.

Ba banza ba Bahaushe ya kira ɗan ƙarfen da ake ja a harba da suna kunama. Yanzu don Allah wane mai hankali ne zai ɗauki kunama ya jefa cikin wandonsa ya ce tsaro yake nema?

Wannan sabon salo na kube a cikin wando daga Amurka ya zo mana, ta cikin wayoyin nan. Za ki ga Bature ya ɗaga riga ya nuna ɗan kube na fata ko na roba mai tauri, an maƙale shi a bel ta ciki, bindigar ta lafe tsakanin wando da fatar ciki, ya saki riga shi ke nan kamar babu komai. Har da na mata ake talla, masu launin hoda, wai ke ma ki yi kwalliya da shi. Matasanmu na kallo suna lashe baki. Ba wanda ya tsaya ya tambaya, in an maƙale ta a gaba, bakinta ina yake kallo? Cinya yake kallo da mara, daidai inda babbar jijiyar jini ta bi, wadda in ta fashe mutum kan iya ƙarewa cikin 'yan mintuna kafin a samo Adaidaita Sahun da za ta kai shi asibiti. Su masu tallar ma da bel mai kauri suke ɗaurawa. Namu mazan fa? Wandon shadda ne da mazagi. Da shi za a tsuguna a yi alwala, da shi za a yi ruku'u da sujada, da shi za a hau babur a faɗa rami, da shi za a zauna a tabarma a naɗe ƙafa yaro ya zo da gudu ya faɗa cinyar babansa. Kuma yawancin abin da ke yawo a hannun mutanenmu ƙirar maƙeran ɓoye ne, wadda ba wanda ya gwada lafiyarta, in ta ga dama ta tashi ba a taɓa ta ba, in ta ga dama ta ƙi tashi ran da ake nema.

A can inda aka ƙirƙiro abin ma ba su tsira ba. A watan Nuwamba na 2008 wani shahararren ɗan wasansu mai suna Plaxico Burress ya shiga gidan rawa a birnin New York da bindiga soke a ƙugun wando, ta zame tana gangarawa, ya kai hannu zai cafke sai yatsa ya faɗa kan kunama, ya harbi cinyarsa da kansa. Bayan jinya kuma kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 2 saboda ba shi da izinin riƙe ta a garin. Masu sayar da kube za su ce ai shi ya jawo, da ya sa ta a kube da kunamar na rufe. To na ji. Sai su ba ni amsar wannan: a watan Disamba na 2014, a jihar Idaho, wata mata 'yar shekara 29, mai ilmi, mai lasin ɗinta cikakke, ta shiga kantin Walmart sayayya da yara. Bindigarta na cikin jakar hannu da aka ɗinka musamman da aljihun ɓoye bindiga mai zif, jakar ma kyauta ce mijinta ya ba ta. Ta ɗan juya baya, ɗanta ɗan shekara 2 da ke zaune a keken sayayya ya zuge zif ya ciro, ya harbe ta, nan take ta mutu. Wannan mata ba jahila ba ce, ba kuma sakarya ba ce, uwa ce kamar ni da ke, ido ɗaya a kan kaya ido ɗaya a kan yara. Yaron nan yanzu ya zama saurayi, ki tuna da abin da zai rayu da shi.

Kuma a wannan ƙasa tasu da bindiga ta zama kamar goro, a 2020 harbin bindiga ya zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa. Wannan ita ce ƙasar da muke son kwaikwayo.

Sai kuma maganar da ba a so a yi, amma ni zan yi ta tunda mu-ya-mu ne. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa saɓawa da mijinta ba? Harshe da haƙori ma ana saɓawa. Namiji in ransa ya ɓaci, wani ya fice ya bar gidan, wani ya yi zagi, wani Allah ya shirye shi ya kai hannu. Duk waɗannan ana kwana ana tashi, iyaye su shiga a sasanta ko a rabu kowa da ransa. To ki ɗora bindiga a ƙugun wannan mai zuciyar. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003, wanda aka yi a garuruwa 11, ya gano cewa macen da mijinta ko saurayinta ke duka, in yana da bindiga a hannu, haɗarin ya kashe ta ya ninka kusan sau 5. Ba ma sai ya harba ba 'yar uwa. Ya isa kuna cikin magana ya ɗaga gefen riga ya gyara zamanta, ko ya ciro ya ajiye kan tebur yana kallonki. Daga ranar kin daina zama matar gida kin koma fursuna, ko kishiya zai yi miki da kuɗin gadonki ba ki da bakin magana. Ɗan fashin da aka saya dominsa wataƙila har abada ba za a gamu da shi ba, ke kuwa kullum kina nan, safe da dare.

In ma an gamu da shi fa? Mu daina yaudarar kanmu da finafinan Indiya. Mutanen nan ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba, a kan babura suke zuwa da yawa, da manyan bindigogi ƙirar AK-47, kuma su ne suke zaɓar lokaci. Mutum ɗaya a cikin mota, da babbar riga, bel ɗin kujera ya danne ƙugu, yaushe zai laluba ya ciro? In suka laluba suka same ta a jikinsa kuwa, sun sami ƙarin makami a kyauta, shi kuma sun ɗauke shi jami'in tsaro ko ɗan sa-kai, kin kuwa san yadda suke yi da waɗannan. Jihohin da wutar ta fi ci ma da suka zauna suka yi tunani, ƙungiya suka kafa a fili: Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a watan Janairu na 2024, da kaki da horo da rajista da shugaban da za a tuhuma in an yi ba daidai ba. Ko su ɗin ana kuka da wasunsu, balle wanda ba wanda ya san yana ɗauke da komai.

Ga kuma hukuma. Da yawan matanmu sun ɗauka lasin bindiga kamar lasin tuƙi ne, ka biya a ba ka. A'a. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Irin adakar kakana kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Irin ta farauta mai baki ɗaya ko biyu sai Sufeto Janar. Amma ƙaramar bindiga, fistol ko libarba, tana cikin jerin haramtattu tare da bindigogin soja, ba mai ba da izininta sai Shugaban Ƙasa. Ke yanzu a ranki kin yarda Shugaban Ƙasa ne ya sa wa maigidanki hannu? Wata dokar kuma ta 1984, ta zamanin mulkin soja, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tarar Naira 20,000, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba izini. Kada tarar ta ba ki dariya, a wancan lokacin kuɗi ne na gaske, shekara goman kuwa har yau shekara goma ce. Kuma in aka zo bincike, a ina za a same ta? Namiji ba ya ɓoye abu a inda za a fara dubawa. Ƙarƙashin katifarki zai tura, ko cikin kwallayen jerenki, ko ƙasan akwatin lefenki. Shi yana Dawanau, ke ce a gida. Sai ki yi wa alƙali bayanin cewa ba ki sani ba.

Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani ciwo, ya kuma hana mutum ya nuna ɗan uwansa da makami ko da wasa, don Shaiɗan na iya fizgar hannunsa. Kibiya ke nan fa, wadda kowa yana ganinta. Ina ga abin da bakinsa ke kallon duk wanda ka rungumo, tun daga safe har dare?

Yanzu bari in juyo kanmu, don ba zan wanke hannuna ba. Mu marubuta muna da laifi, ni ce ta farko. A littafina na uku na yi wani jarumi, dogo, fari, mai saje, ɗan masu kuɗi, in ya zo zance sai ya ɗan gyara zama yarinya ta hango ƙarfe a ƙugunsa, gabanta ya faɗi, wai sonsa ya ƙaru. Na rubuta wannan da hannuna, kuma wasiƙu da saƙonnin da na samu a kansa sun fi na kowane littafi nawa, 'yammata na cewa Anti Allah ya ba mu irinsa. Astagfirullah. Ban taɓa rubuta wa ya wanke wandon ba, ban rubuta inda yake ajiye ta in zai kwanta ba, ban ba shi ɗa ɗan shekara uku ba. Ku 'yammata ku ji da kyau, saurayin da ya ɗaga miki riga ya nuna miki bindiga a zaure ba burge ki yake yi ba, gwada ki yake ya ga ko za ki yi shiru. In ba ɗan sanda ba ne ko soja da hukuma ta ba shi, to ki tambayi kanki inda ya samo, da kuma su wa ya sani da har suka sayar masa. Ki gaya wa babanki ko yayanki a daren, kada ki bari sai an kawo kuɗin gaisuwa.

Ke kuma matar aure, na san abin da za a ce miki, don an ce da ƙawata. Za a ce mace ba ta shiga sha'anin maza, za a ce rufin asirin miji wajibi ne, za a ce haƙuri. Ni ma na yarda da rufin asiri, talaucinsa ki rufe, rashin lafiyarsa ki rufe, gazawarsa ki rufe. Amma ɗakin nan ke kike share shi, 'ya'yan nan ke kika yi naƙudarsu, ke kike wuni da su kina sanin cewa babu akwatin da yaro ba ya buɗewa, babu mukullin da ba ya ganin inda aka ɓoye. Kina da haƙƙin ki tambaya, kina da haƙƙin ki ce ba a ɗakina ba. Ba da tsiwa ba, ba kuma lokacin da ransa ke ɓace ba, kuma don Allah kada ki ce za ki ɗauka ki jefa a masai ko rijiya da kanki, ba ki san yadda take ba, kada garin gyaran gira a rasa ido. In ya ƙi ji, yana da uwa, yana da wa, yana da malamin da yake jin nauyi, akwai mai unguwa, su suka san yadda za a bi a miƙa ta ga hukuma. In kuwa har ya taɓa nuna ki da ita, ko da wasa, to maganar ta wuce lallashi, ki kwashi 'ya'yanki ki tafi gida tukuna, a yi sauran zancen daga can.

Ita ƙawar tawa haka ta yi. A daren ba ta ce masa komai ba, ta zuba masa kunu da ƙosan da bai ƙone ba, ya sha ruwa. Da asuba bayan sahur ta durƙusa ta ce, "Alhaji, ban taɓa roƙonka abu ka hana ni ba. Ni da abin nan ba za mu kwana gida ɗaya ba." Ya ce ta ba shi lokaci, hanya ba lafiya, bayan salla zai san yadda zai yi. Ta ba shi har bayan salla. Salla ta wuce da mako biyu ta sa hannu a aljihun mota neman cajar waya ta ji ƙarfe. Washegari ta goya jaririya ta kama hannun yaron ta tafi wajen Hajiyarsa ta faɗa mata komai, daga nan ta wuce gidansu.

Yau da nake wannan rubutu wata na biyu ke nan tana gida. An zo biko sau biyu, na farko abokansa, na biyu wansa da kawunsa, da turamen atamfa da kuɗin cefane. Babanta ya ce shi ba ya riƙe 'yar kowa, ga ta nan a tambaye ta. Ta ce ita ba ta da ƙorafin ci, ba ta da na sha, mijinta take so kuma ɗakinta take so, sharaɗinta ɗaya ne tak. Wan nasa ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce shi ma sai ran nan ya sani, kuma motar nan da shi ake shiga kasuwa duk mako. Sun ce za su dawo ran Juma'a. Yaron kuwa har yanzu in ya sami kara ko ludayi sai ya riƙe da hannu biyu ya ce tau, ita kuma duk sanda ya yi sai ta tashi ta bar wajen.